Yadda za ka kalli tsohuwar motar tsere ta Italiya ka gane wa ya zana ta da inda ya samo fasalinta

Duk wanda ya taɓa zama a garejin fanalbita ya ga yadda ake miƙar da madigadin tsohuwar Fijo 504, to ya riga ya san rabin abin da zan faɗa ko da bai taɓa ganin Ferrari ido da ido ba. Ina yaro akwai wani dattijo a bayan layinmu, idan ya gama bugun ƙarfe ba ya tsayawa kallo, rufe ido yake yi ya shafa da tafin hannu tun daga fitila har bakin ƙofa, duk inda hannun ya ɗan turje to nan akwai sauran aiki, sai ya ɗauko ƙaramar guduma ya tokara wani dunƙulen ƙarfe ta ciki ya ci gaba, ƙwas ƙwas ƙwas, har a kira la'asar. Wallahi haka aka ƙera yawancin motocin nan na Italiya da yau ake saye da miliyoyin daloli, guduma ce da tafin hannu da ido. Kuma ita kanta 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna, gidan Pininfarina na birnin Turin ne ya zana jikinta, gidan da ya shekara fiye da sittin yana yi wa Ferrari bodi. Haka 404 da 403 kafin ita. Mun daɗe muna shiga zanen Italiya zuwa kasuwa da biki ba tare da an gaya mana ba.

Abin da nake so ka iya bayan ka gama karanta wannan shi ne, idan hoton wata tsohuwar mota ja ya faɗo maka a Facebook ko YouTube, ka iya cewa wannan ta wajen shekara kaza ce, hannun gidan wane ne, kuma wannan lanƙwasar daga jirgin sama aka aro ta ko daga filin tsere. Ba wuya gare shi ba, tsari ne na inda za ka fara sa ido.

Kar ka fara da tambarin hanci

Kuskuren da kowa ke yi kenan, a ga doki a ce Ferrari shi ke nan an gama. Ka gangara da idonka gefen mota, ƙasa ƙasa tsakanin tayar gaba da ƙofa, sau da yawa akwai wani ɗan ƙaramin tambari a wurin. Shi ne sunan wanda ya yi jikin. A Italiya ta wancan zamanin aikin a rabe yake, kamfanin mota ya yi inji da shasi da giya, sai a tura wa wani gida daban da suke kira carrozzeria ya ɗinka mata riga. Kalmar daga keken doki ta samo asali, don wasu gidajen da shi suka fara, Giovanni Bertone da ya buɗe shagonsa a Turin a 1912 kekunan doki yake ƙerawa da gyarawa. Kamar dai ka sayi shadda ka kai wa tela, yadi ɗaya ne amma ɗinkin wane daban da na wane, shi ya sa za ka ga Ferrari biyu inji iri ɗaya shekara ɗaya amma ba su yi kama ba ko kaɗan.

Idan ka ga harafin f ƙarami da kambi a samansa, Pininfarina ne. Harafin b Bertone, Z kuwa Zagato. Idan kuma a gefen bonet ka ga an rubuta Superleggera da rubutun hannu mai kwance, wannan Touring ne na Milan. Sunaye huɗun nan ka fara haddacewa, sai ka ƙara Scaglietti da Ghia daga baya.

Shi Battista Farina, Pinin laƙabinsa ne, a yaren yankin Piemonte yana nufin ƙarami, kamar mu ce auta. Ya buɗe nasa gidan a 1930, kuma a 1961 hukuma ta amince aka haɗe laƙabin da sunan gidansu ya zama Pininfarina, don haka idan ka ga an rubuta Pinin Farina a rabe a jikin mota to ka san kafin wannan shekarar ce, wannan ma wata hanya ce ta gane shekaru. Haɗuwarsa da Enzo Ferrari a 1951 ma labari ce, kowannensu yana ji da kansa, babu mai son ya taka zuwa wajen ɗan uwansa, sai aka haɗa su a wani gidan abinci a garin Tortona tsakanin Turin da Modena.

Sai ka nemi inda injin yake

Wannan shi ne mataki na biyu kuma shi ya fi komai gaya maka zamani. Ka kalli motar ta gefe, ka duba inda direba ke zaune. Idan hancin dogo ne sosai, direba ya koma can baya kusan a kan tayar baya, to injin a gaba yake, yawanci mai silinda 12 ko 6 da aka shimfiɗa a tsaye, kuma motar ta kafin tsakiyar shekarun 1960 ce ko kuma ta bi tsarin da. Tsawon hancin ba ado ba ne, injin ne ya ci wurin. Idan kuwa hancin gajere ne ya yi ƙasa, gilashin gaba ya matso kusa da tayoyin gaba, sannan akwai ramukan shan iska a bayan ƙofa, to injin yana bayan kujera.

Motar da ta juya wannan lissafin a kan titi ita ce Lamborghini Miura ta 1966. Wasu matasan injiniyoyi ne, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da direban gwaji Bob Wallace ɗan New Zealand, suka ɗauko tunanin motocin tsere irin Ford GT40 suka ce a sa injin a tsakiya, amma injin mai silinda 12 ya yi tsawo, sai suka gicciye shi a bayan direba kamar yadda aka gicciye injin ƙaramar motar nan Mini ta Ingila. An fara nuna shasin tsirara ba bodi a Turin a 1965, mutane suka fara ba da oda ba su ma san kamannin da za ta yi ba, sannan Marcello Gandini na gidan Bertone, yana ɗan shekara 27, ya zana mata jiki aka kai ta baje kolin Geneva. Tsayinta daga ƙasa bai wuce mita ɗaya da ɗan kai ba, wato idan ka tsaya kusa da ita iyakarta cibiyarka. Ka duba fitilunta na gaba akwai wasu baƙaƙen siraran ƙarafa kewaye da su kamar gashin ido, sannan ka nemi hoton da aka buɗe ƙofofin biyu aka ɗauka ta gaba, za ka ga saman ƙofofin ya lanƙwasa kamar ƙahon sa. Ferruccio Lamborghini mai ƙera tarakta ne kafin ya buɗe kamfanin mota a 1963, yana son bijimai, sunan Miura ma na wani gidan kiwon bijiman faɗa ne a kusa da Seville a ƙasar Sifen. Tana da aibinta fa, tankin mai a gaba yake, idan man ya ragu ana tsananin gudu hancin yakan yi sauƙi ya nemi ɗagawa, kyau bai hana wannan ba.

Jirgin sama yana ɓoye a jikin kusan kowacce

Nan ne na fi so a daɗe, domin idan ka gane wannan ka gane kaso mafi yawa. Italiya ta yi yaƙin duniya biyu, kuma a duka biyun ƙwararrun masu aikin ƙarfe da injiniyoyi sun shiga masana'antar jirgi, da yaƙi ya ƙare sai suka dawo da abin da suka koya kan mota, rashin nauyi da yadda iska ke bin jiki.

Ugo Zagato a masana'antar jiragen Pomilio ya yi aiki lokacin yaƙin farko, ya buɗe gidansa a Milan a 1919, a lokacin bodin mota katako ne mai nauyi kamar gadon amarya, shi kuma ya zo da siririn firam da fallen alminiyam irin na jirgi. Alfa Romeo 6C 1750 mai jikin Zagato ce Tazio Nuvolari ya ci tseren Mille Miglia da ita a 1930, karo na farko da aka gama tseren da matsakaicin gudun da ya haura kilomita 100 a awa. Alamar Zagato da ba ta ɓuya ita ce rufi mai tudu biyu da kwari a tsakiya, kamar an kifa ƙwarya biyu a jere. Dalilinsa mai sauƙi ne, ana so rufin ya yi ƙasa don iska, amma direba da na gefensa suna sanye da hular kwano, sai aka ɗaga daidai kawunansu kawai, kuma lanƙwasar ta ƙara wa siririn fallen ƙarfi. Motocin Zagato ba kullum suke da kyau irin na kallon farko ba, wasu ma sai ka ga kamar an matse su, amma ni a wurina su suka fi gaskiya, komai na jikinsu akwai aikin da yake yi.

Touring kuma, da Felice Bianchi Anderloni ya kafa a 1926, sun yi rajistar dabarar Superleggera a 1936, ma'anarta mara nauyi ƙwarai. Siraran bututun ƙarfe ake lanƙwasawa a yi kwarangwal ɗin siffar mota, kamar yadda ake kafa tankar ɗaki kafin a rufa ciyawa, sai a naɗe da alminiyam. Ferrari 166 MM ta 1948 nasu ce, wadda aka laƙaba wa Barchetta wato ƙaramin kwalekwale, kuma idan ka kalle ta za ka ga dalili, akwai wani layi da ya bi gefenta sannan jikin ya shige ciki ta ƙasa kamar cikin jirgin ruwa. Ta ci Mille Miglia da tseren Le Mans na Faransa duka a 1949. Har Turawan Ingila sai da suka karɓi lasisin dabarar, Aston Martin DB4 da DB5 zanen Touring ne.

Sannan akwai Franco Scaglione wanda ya fara karatun injiniyan jirgin sama yaƙi ya katse masa, ya yi zaman fursunan yaƙi a Indiya, ya dawo ya shiga Bertone. Ka nemi hoton motoci uku da ya yi a kan shasin Alfa Romeo, B.A.T. 5 da 7 da 9, na 1953 da 1954 da 1955. Fukafukan bayansu sun tashi sun lanƙwaso ciki kamar jemage zai naɗe fiffike, mutum zai ɗauka wasa ne, amma ta tsakiyar ma'aunin turjiyar iskarta 0.19 ne, adadin da har yau yawancin motocin da ke kan titi ba su kai ba, kuma ya yi wannan ba kwamfuta, zaren ulu ake mannawa a jikin mota a bi ta da wata motar ana ɗaukar hoto a ga inda zaren ke kwanciya da inda yake rawa. An sayar da ukun a haɗe a 2020 a kan dala miliyan 14.8. Shi ne kuma ya zana Alfa Romeo 33 Stradale ta 1967, wadda in aka ce in zaɓi ɗaya tak a duk tarihin nan ita zan nuna.

Abu biyu za ka riƙa dubawa da suka fito daga ilimin iska. Na farko wutsiya. Da an ɗauka dole bayan mota ya tafi a hankali ya tsuke kamar ɗigon ruwa, ka ga Alfa ta 1914 da gidan Castagna ya yi wa wani basarake Marco Ricotti, sak balan-balan ɗin jirgi. Sai wani Bajamushe Wunibald Kamm ya nuna a shekarun 1930 cewa in ka fara tsukewa ka datse wutsiyar tsaye, iska ba ta ankara sosai, ka rage tsawo da nauyi. Italiyawa suka kira shi coda tronca, yankakkiyar wutsiya. Idan ka ga bayan mota kamar an sa wuƙa an yanke, irin na Alfa Giulia TZ ta 1963 da Ercole Spada ya zana a Zagato, ko Ferrari 250 GTO, to kana farkon shekarun 1960 ko bayansu. Na biyu wani rami ne a kwance a jikin bodi, siriri ta gaba yana faɗi yana zurfi ta baya, akwai shi a ƙofar Lamborghini Countach da bonet ɗin Ferrari F40. Hukumar binciken jiragen sama ta Amurka ce mai suna NACA, wadda daga baya ta zama NASA, ta ƙirƙiro shi don shigar da iska ba tare da an kafa wani abu ya tare ta ba.

Filin tsere da hannun maƙeri

Motocin nan ba don a ajiye a falo aka yi su ba. Mille Miglia daga Brescia ake tashi a je Rum a dawo, kusan kilomita 1,600 a kan titin da jama'a ke bi, daga 1927 har 1957 lokacin da hatsarin Alfonso de Portago ya kashe shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo har da yara, aka daina. Tseren Targa Florio kuma a duwatsun Sicily aka fara shi a 1906. Titi mai kwana da hawa da gangara yana son mota ƙarama mara nauyi mai birkin da ba ya zafi, shi ya sa ramukan da kake gani a jikinsu kowanne akwai abin da yake sanyayawa.

Misali Ferrari 250 Testa Rossa ta 1957, ka duba gabanta za ka ga madigadin ya rabu da hanci an yanke bayansa, don iska ta shiga ta sanyaya birki. Sergio Scaglietti na Modena ne ya yi, kuma shi ne ya fi tuna min dattijon layinmu, domin ba mai yawan zane a takarda ba ne, waya yake lanƙwasawa a kan shasi ya fitar da siffa, sai a ɗora fallen alminiyam a kan buhun yashi ko kututturen itace a yi ta bugu. Masu wannan aikin ana ce musu battilastra, fanalbita dai kenan. Wasu gidajen kuma sukan sassaƙa siffar motar da katako cikakkiya a riƙa gwada fallen a kai. Abin da wannan ya haifar shi ne ba mota biyu da suke daidai sak, har gefen dama da na hagu na mota ɗaya sukan ɗan saɓa. 250 GTO ta 1962 guda 36 aka yi, an sayar da ɗaya a gwanjo a 2018 a kan dala miliyan 48.4, ka gane ta da ramuka uku a saman hanci masu siffar rabin da'ira.

Tunda mun zo nan bari in koya maka karanta lambar. A tsofaffin Ferrari lambar girman silinda ɗaya ce, 250 sau 12 ya ba ka 3,000, wato inji mai lita 3. Testa Rossa jan kai ne, saboda murfin saman injin da ake shafa wa jan fenti. GT na nufin motar doguwar tafiya cikin sauri da jin daɗi, O ɗin GTO kuma tana nufin an yi mata rajistar shiga tsere. Berlinetta mai rufi ce ƙarama, Spider ko Spyder mara rufi, Stradale ta titi.

Jan launin ma daga tsere ya zo, a da kowace ƙasa da launinta, Italiya ja, Faransa shuɗi, Ingila kore, Jamus fari daga baya ruwan azurfa. Dokin Ferrari kuwa, ga jirgi ya sake dawowa, tambarin da matuƙin jirgin yaƙi Francesco Baracca ya zana a jirginsa ne, ya mutu a 1918, mahaifiyarsa ta ba Enzo izinin amfani da shi, ya sa masa rawaya a baya don launin garinsu Modena ne. Mashi mai baki uku na Maserati daga wani mutum-mutumi ne a dandalin birnin Bologna. Na Alfa Romeo alamomin Milan ne guda biyu, jan gicciye da macijin gidan sarautar Visconti.

Layi mai taushi ko bakin gatari

Yanzu sai ka ja baya ka kalli motar gaba ɗayanta. Kafin yaƙi na biyu mota guntu guntu ce, madigadi daban, fitila a tsaye daban, bonet daban, matakala a gefe. Wadda ta haɗe su ita ce Cisitalia 202 ta 1947 daga hannun Pinin Farina, jiki ɗaya kamar an zuba shi a mazubi, bonet ya yi ƙasa da madigadi, fitilu sun shige ciki. Injinta ɗan ƙarami ne daga Fiat 1100, amma gidan kayan fasaha na MoMA a New York ya nuna ta a 1951 a matsayin aikin sassaƙa. Duk motar da ka gani mai santsi ba hayaniya, ba ƙyalƙyali da yawa, layi ɗaya ya taso daga fitila ya ɗan ɗaga a kan tayar baya kamar cinyar doki, ka fara zargin Pininfarina. Dino 206 GT ta ƙarshen shekarun 1960 ita ce misalin da zan ba ka, an sa mata sunan ɗan Enzo da ya rasu a 1956 yana ɗan shekara 24, kuma Aldo Brovarone da ya fitar da siffarta ta farko shi ake jingina wa zanen 504 ɗinmu. Ka ajiye hotunan biyu ka kalli yadda kowacce ta zauna daram a kan tayoyinta.

Sai ƙarshen shekarun 1960 komai ya juye. Zamanin zuwa wata ne, zamanin jirage masu tsini, kuma tunda injin ya koma baya babu abin da ya hana hanci ya faɗi ƙasa. Gandini ya yi Alfa Romeo Carabo a 1968, kore mai sheƙi irin na wani ƙwaro da aka ara mata sunansa, ita ce ta fara ƙofa mai ɗagawa sama kamar almakashi. Ya yi Lancia Stratos Zero a 1970 mai tsayin santimita 84 kacal, ta gilashin gaba ake shiga. Sannan Countach, aka nuna samfurin a 1971 aka fara sayarwa a 1974, layi ɗaya miƙe daga hanci har rufi kamar bakin gatari. Sunan ba na bijimi ba ne wannan karon, kalmar mamaki ce a yaren Piemonte, kamar Bahaushe ya ce kai! Ƙofar ma akwai dalili, motar tana da faɗi kuma dokin ƙofarta kauri gare shi, ga shi ba a ganin baya sosai, direbobi kan ɗaga ƙofa su zauna a bakin su leƙa in za su yi ribas. Wata alamar Gandini da za ka riƙe, bakin madigadin tayar baya ba zagaye yake ba, a karkace yake kamar an ja shi baya. Ka dubi Miura ka dubi Countach, mutum ɗaya ne, tsakaninsu shekara biyar. Gandini ya rasu a watan Maris na 2024.

Abokin gogayyarsa Giorgetto Giugiaro ya bi ta Bertone, ya koma Ghia, ya buɗe Italdesign a 1968, nasa layin kamar an ninke takarda ne, tsaf tsaf. Shi ya zana Golf ta farko ta 1974, kakar Golf ɗin da ke haya a tashoshinmu. Kuma a Ghia ya yi Maserati Ghibli ta 1966, sunan da ya kamata ya yi maka daɗin ji, domin iskar Sahara ce mai zafi da ke busowa a Libiya daga kudu, kalmar kuma 'yar uwar alƙibla ce a Larabci. Maserati sun so sunayen iska, akwai Mistral da Bora, akwai Khamsin da Gandini ya zana, hamsin ɗinmu dai ta ƙirga, iskar Masar ce da ake cewa tana kaɗawa cikin wasu kwanaki hamsin.

Amurka ma ta sa hannu, ba a iya tsallake ta, can ne kasuwar take. Ghia sun yi wa Chrysler motocin gwaji da yawa a shekarun 1950, Iso Grifo injin Chevrolet ne a cikinta, De Tomaso Pantera ta 1971 injin Ford ce kuma Ba'amurke Tom Tjaarda ne ya zana ta a Ghia. Idan ka ga wata kyakkyawar motar Italiya ta tsakiyar shekarun 1970 da ƙatuwar baƙar bamba kamar an liƙa mata, dokar Amurka ce ta tilasta, ka nemi hoton wadda aka sayar a Turai ka ga abin da mai zanen ya nufa.

Idan hoton ya nuna ciki

Ka duba sitiyari, na katako mai ƙarfe uku yawanci aikin Nardi ne kuma yana nuna shekarun 1950 zuwa 1960. Wili mai siraran wayoyi kamar na keke da goro ɗaya a tsakiya mai kunnuwa, na Borrani ne na Milan, guduma ake sa wa a kwance shi da sauri a filin tsere. Sandar giya a cikin farantin ƙarfe mai tsaga tsaga, a bidiyo za ka ji tana ƙaras idan an canja. In an buɗe bonet ka ga bakunan kafireto a jere kamar kakaki, Weber ne na Bologna.

Abu na ƙarshe, ka yi hattara da jabu don sun cika intanet. Akwai 250 GTO da aka gina a kan Datsun 240Z, akwai Countach da Ferrari 308 a kan Pontiac Fiero, akwai F355 a kan Toyota MR2. Bodin roba ana iya zuba shi a kowace siffa, abin da ba sa iya ɓoyewa shi ne gilashin gaba da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, don na motar da ke ƙasa ne. Ka buɗe hoton ta asali ta gefe ka ajiye kusa da wanda kake shakka, ka duba tsayin rufi, ka duba ko taya ta cika ramin madigadi ko ta shige ciki tana iyo, sannan in bidiyo ne ka ƙara sauti ka saurari salansa, silinda 4 ba ta iya kukan silinda 12.